Injiniya da Kajin Surukinsa

Injiniya ake ce masa, ko da yake gyaran waya ne sana'arsa, a wani ɗan shago mai fanka ɗaya. Abin alfaharinsa a duniya shi ne dandalin masu kiwon kaji da ya buɗe a intanet, inda ake tambaya wani likitan dabbobi yana amsawa. Har surukinsa, dattijon da ya bar aiki ya koma kiwo, ya shigo ciki. Daga nan ne ma ya fara ganin mijin 'yarsa da gashi.

Da jama'a suka yi yawa, sai dandalin ya koma tafiyar hawainiya. Injiniya ya yi dabara: ya sa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da dandalin, ta riƙa ajiye kwafin kowane shafi tana miƙa wa masu karatu, maimakon ta haɗa sabo duk shigowa. Shafi ya koma buɗewa kafin ƙiftawar ido. Don zaƙewa, ya tsara kwafin ya yini ya kwana kafin a sabunta shi. Har mai wankin motar bakin titi sai da ya sha labarin.

Rannan likita ya rubuta awon wani magani, ya ce cokali a bokiti, alhali a duro yake nufi. Nan take ya gyara. Injiniya ya leƙa ya ga gyaran, ya sha'afa cewa shi mai dandali sabon shafi ake nuna masa, sauran jama'a kuwa tsohon suke gani.

Washegari matarsa ta kira shi tana kuka. Da ya isa gidan surukin, ya tarar da dattijon tsugune a ƙofar akurki, kaji a zube matattu, ga bokitin maganin a gefe.

"Wallahi bokiti na gani," in ji dattijon. "Yanzu na sake dubawa, duro ne a rubuce. Ashe tsufa ya kama ni ban sani ba."

Kunya ta rufe Injiniya, ya rasa inda zai sa kansa. Ya buɗe baki, ya ce, "Baba..."

Dattijon ya katse shi, ya miƙa masa wayarsa. "Riƙe. Daga yau kai za ka riƙa karanta mini. Na daina yarda da idona."

Injiniya ya sa hannu biyu ya karɓa.