Bijimin da Na Hana Baffa Sule Ci

Ranar Laraba ce, kwana tara bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar a lekwal, wato makarantar boko, bijimi ya ja ni a ƙasa daga ƙofar gidanmu har bakin tashar motoci ta Djougou. Ina gaya wa 'ya'yana cewa tafiyar ta kai kilomita goma, kuma na share wa gari titi da cikina kyauta. Ƙanwata Safiya ta ce ko rabin kilomita ba ta kai ba, amma ita tana bayan ƙyaure tana kuka, ba ita aka ja ba. Igiyar na naɗe a wuyan hannuna sau uku don kada ya ƙwace, shi kuwa bai ƙwace ba, tafiya ya yi da ni. Masu koko suka watse, wani mai keke ya faɗa kwata, takalmina ɗaya har yau ba a gan shi ba. Kuma ni na kwance shi da hannuna. Sace shi na yi.

Gidanmu gidan jikokin fatake ne. Kakan kakanmu ya zo da ayarin goro, ya sauke kaya don ya huta, hutun da har yau ba mu tashi ba. Baba goro yake sayarwa a kasuwa, kullum hannunsa a jiƙe da yayyafa wa ganye ruwa. Inna kuwa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, ƙamshin suyarta yana tsallake katanga uku. Ni ce 'yar fari, don haka shara tawa, jan ruwa a rijiya nawa, ɓarar gyaɗa da kai niƙa duk nawa. In na samu sarari sai mu yi carafke a gindin mangwaron tsakar gida, ko in shiga langa cikin maza har sai ludayin Inna ya same ni a ƙeya. Ba ta kiran sunana saboda kunyar 'yar fari. "Ke!" kawai take cewa, kuma ko ina bayan gari na san da ni ake.

Sai ludayin ya daina zuwa. Inna ta fara juya gyaɗa da hannun hagu, tana matse na dama a jikinta. Ashe wani ƙullutu ne a nononta, ta ɓoye shi shekara guda, don ba ta ga bakin da za ta faɗa wa namiji irin wannan maganar ba. Da abin ya fi ƙarfin zani, Baba ya sa ta a mota zuwa Parakou. Suka dawo da takardu da sunan da babu wanda ke son furtawa: kansa, ciwon daji. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma kada a bari damina ta wuce. Gwaji da hoto da kuɗin mota da farmasi suka cinye moton Baba, wato babur ɗinsa, suka cinye kwanukan jeren Inna layi-layi har bangon ɗakinta ya zama tsirara, suka cinye saniyarmu da ke hannun wani Bafillace mai suna Bello a Pélébina. Abin da ya rage mana a duniya bijimi ɗaya ne, shi ma a hannun Bello. Jandarma muke ce masa, don ba ya barin kowa ya wuce bai bincike shi ba. Shi ne kuɗin aikin Inna, yana tafiya da ƙafa huɗu.

A nan ne masu dubiya suka sauka mana. Allah ya sani akwai na kirki, amma yawancinsu hancinsu ya fi agogo daidai. Ba sa zuwa da hantsi, ba sa zuwa da la'asar, sai tukunya ta sauka. Su leƙa Inna su ce sannu, sannu ɗaya tak, sannan su baje a zaure su wanke hannu har gwiwar hannu. Ni nake daka musu sakwara har kafaɗata ta fi ta ɗan dambe. Baba kuwa maganarsa ɗaya ce: "A gidan nan ba a taɓa sallamar baƙo bai ci ba, kuma ba a kaina za a fara ba." Sai ya bi kowa da goro har ƙofa, goron da ya kamata ya sayar. Kowanne kuma likita ne. Wannan ya ce saiwa, wancan ya ce turare, wata ta ce a shafa toka da man kaɗanya, ita kanta kuwa haƙorinta ya shekara yana ciwo ta kasa warkar da shi.

Shugabansu Baffa Sule ne, yayan Baba. Mutum ne da ban taɓa ganin ya shigo gidanmu da ko albasa ɗaya ba, kuma ban taɓa ganin ya fita ba tare da yana sakace ba. Tumbinsa yakan yi sallama kafin shi ya iso. Shi ya tara maza a zaure, ina zuba musu ruwa ina ji, ya ce matar da aka sa wa wuƙa a ƙirji ba ta dawowa, kai kuɗi Parakou zubar da su ne a rijiya. Abin da ya dace, in ji shi, a kawo bijimin a yanka, a yi babbar sadaka, unguwa ta ci ta yi addu'a. Malam Yakubu, wanda ke koya mana karatun allo, ya ce a hankali: "Addu'a zan yi ko ba nama. Ku kai ta likita." Baffa ya ce yaushe aka haife shi. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Yaya." A gidan fatake ƙane ba ya musu da wa, ko da wan ya ce rana daga yamma take fitowa.

Bello ya koro Jandarma da yammacin Talata, aka ɗaure shi a gindin mangwaronmu. Baffa ya zagaye shi sau biyu yana taɓa cinya, na rantse na ji ya haɗiye miyau. Ina taje wa Inna kai a lokacin, tana kallonsu ta taga. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke, kin ga mutanen nan? Sun fara cin sadakar mutuwata tun ina numfashi." Ba ta ce in yi komai ba. Amma na ji kan nata ya yi nauyi a cinyata, kuma na ga yadda ƙashin wuyanta ya fito.

Da gari ya waye, maza suna can bayan gidanmu suna wasa wuƙa, na buɗe ƙyaure na kwance igiya. Niyyata in kai shi kara, inda ake cinikin shanu, in sayar da kaina. Jandarma yana da tasa niyyar, hanyar Pélébina ya nufa. A bakin tasha Bello, da ke jiran mota, ya yi masa wata irin kuwwa, sai ga shi ya tsaya cak kamar ɗan makaranta. Na miƙe, gwiwoyina jina-jina, bakina cike da ƙasa, na ce wa Bello ya sayar. Ya ce, "Yarinya, ina zan sayar da san mutum da bakin 'yarsa?" Kafin a jima ga Baba, ga Baffa da wuƙa a hannu yana haki kamar zai haihu, ga rabin Djougou a bayansu.

Baffa ya ce wa Baba, "Kai, ka ga tarbiyyarka? Ɓarauniya!" Ni kuwa kunya ta riga ta zube a hanya tare da takalmina. Na ɗaga murya na ce, "Baffa, Inna ce ba ta da lafiya ko cikinka? Wata uku kana cin tuwonmu, ko kwalbar magani ɗaya ka taɓa kawowa? Likita ya ce a yi mata aiki, ku kuna wasa wuƙa!" Wata tsohuwa mai sayar da doya ta ce, "Af!" Sai wani dillalin shanu ya matso ya buga gadon bayan Jandarma ya yi tayi. Baba ya daɗe yana kallon hannuna, inda igiya ta yanke fata. Bai kalli yayansa ba. Ya warware igiyar daga hannuna a hankali, ya miƙa wa dillali. Baffa ya rantse ba zai sake taka gidanmu ba, kuma ya riƙe rantsuwar har kwana goma sha ɗaya, ranar da aka dafa shinkafa.

Baba bai doke ni ba. Sati guda bai yi mini magana ba, sannan na tarar da sababbin takalma a bakin tabarmata. Aka yi wa Inna aiki a Parakou. Likita ya ce da ta zo tun farko da labarin ya fi haka daɗi. Ta dawo gida da ƙirji ɓari ɗaya da bakinta cikakke, kuma daga ranar ta samo mini suna: Ɓarauniyar Shanu. Shekara huɗu ta ƙara tare da mu. A cikinsu ta ga takardar gama lekwal ɗina, ta yaye autanmu, ta koya mini gane gyaɗar da ta soyu da hanci kawai. Ranar sadakar ukunta Baffa ya ci kwano biyu, ya gyatsa, ya ce da an yanka san nan da tana nan. Ya rasu tuni. In an ambace shi nakan ce Allah ya jiƙansa, amma sai na sha ruwa tukuna kalmar take wucewa.

Yanzu ina unguwar Ladjifarani a Parakou, ina suyar ƙuli-ƙulina, jikina ya ninka na Baffa sau biyu, sai dai ni da gumina na tara. Kowace shekara nakan tasa Safiya da 'ya'yana mata a gaba zuwa asibiti a duba mu, mai jin kunya ta ji ta a ɗakin likita. In na je dubiya da kwanona nake zuwa a cike, kuma ba na zama. Ina da bijimi a hannun ɗan Bello, sunansa Jandarma, ba na Sallah ba ne, ba na biki ba, kowa a gidan ya san aikinsa. Mangwaron an sare shi, zauren ya zama shago. Tabon igiyar kuwa yana nan a wuyan hannuna, nakan gan shi duk lokacin da nake juya gyaɗa, sai in ji kamar za a ce "Ke!" daga ɗaki. Shekara huɗu na sato mata, da na san hanya da na sato garke guda.