Baƙon Gidansa: Ta'aziyyar Si Mufaddal Mai Zare

Ina sanar da mazauna lungunmu, da duk mai bi ta nan zuwa kasuwar masaƙa, cewa babban zoben ƙarfen da ke jikin ƙofar nan mai shuɗin fenti ya ajiye aiki. Ya yi shekaru yana hana mu barcin rana tsakani da Allah. Tun ranar Laraba, sha ɗaya ga Sha'aban, ba a sake jin muryarsa ba. Ranar ce Allah Ya karɓi ran mai buga shi, Si Mufaddal mai sayar da zaren siliki, a nan garin Tidwan, bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Si Mufaddal, ni ne na raɗa maka sunan da ya bi ka har kabari, don haka ni ya kamata in faɗi asalinsa.

Allah bai ba ku haihuwa ba, kai da matarka marigayiya Lalla Khaduj. Kuka ɗauki Zuhur tana jaririya, ranar da mahaifiyarta, maƙwabciyarku, ta rasu wajen haihuwa. Ta tashi tana ce maka Baba. Ita ta yi jinyar Lalla Khaduj har ƙarshe, kuma a saman gidanka take ɗinkin da take ci da shi. Sai dai riƙo ba ya ba da gado. Magajinka shi ne Ayyashi, ɗan ƙanenka. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, kuma ka sha faɗa cewa ba a kwana a sulusin gida. Ranar da ka rasu, za a sayar da gidan, Zuhur ta fito da kekenta na ɗinki ta tsaya a titi.

Wata rana a gidan shayi ka ajiye kofinka ka ce mini, "Ustaz, an fara kwashe kaya daga kaina." Wai wata mata ta nemi zare, kana ganin launin a gabanka, sunansa ya ƙi zuwa. Kai da ka san sunan kowane irin kore. Haka mahaifinka ya fara, har ya kai bai san ɗakinsa ba. Na ce tsufa ne, ka ƙara sukari. Ba ka yi dariya ba.

A cikin makon ka je wurin likita ya shaida hankalinka lafiya lau, daga can ka wuce wurin adalai biyu masu rubuta shaida, ka ba Zuhur gidan kyauta. Har nan ban ga abin mamaki ba. Abin da ya biyo baya ne ya tara unguwa. Ranar kasuwa, da rana tsaka, ka kira masu dako da jaki, ka fitar da gadonka, da tukunyar shayinka, har da kejin tsuntsunka, kana musu da su da ƙarfi a kan lada, kai da ba a taɓa jin muryarka daga ƙofa ba. Ka tare a wani ɗan ɗaki a saman gidan burodi, inda bango ke gumi rani da damina.

Na san hukuncin, don na karanta littattafan da ka karanta, har da waɗanda ba ka karanta ba. Wanda ya kyautar da gidan da yake zaune ciki, kyautar ba ta tabbata sai ya fita, wanda aka ba ya yi hauzi, wato gidan ya zauna a hannunsa shi kaɗai har shekara ta zagayo. Amma na ce maka wannan zancen takarda ne.

"Haba Si Mufaddal, wa zai kai ka ƙara? Ayyashin da ke sumbatar hannunka kowace Sallah?"

Ka ce, "Hannuna yake sumbata, Ustaz, amma ka duba inda idonsa yake. Silin yake aunawa."

Zuhur ta biyo ka tana kuka. "Baba, mutane za su ce na kore ka."

"Su faɗa, 'yata. Su faɗa da ƙarfi, kada su manta."

Muka faɗa kuwa. Na ce maka wannan ƙarancin tawakkali ne, na sa maka suna Baƙon Gidansa, sunan ya zagaye kasuwa kafin Juma'a. Kana zuwa cin abincin rana wurinta, amma ba ka taɓa ƙaramin zoben da 'yan gida ke bugawa. Na sama kake kamawa, na baƙi, mai ƙarar da ke kaiwa ƙarshen lungu. Ko bayan shekarar ta cika, da ta roƙe ka har ka dawo ɗakin ƙasa, ba ka canza ba. Sai ka buga ka ce, "Lalla Zuhur, akwai masauki?" Ita kuma daga sama, "Baba, don girman Allah ka daina ba ni kunya!"

Sauran shirin ka yi shi shiru. Ka kafa shaidu cewa idan hankalinka ya tafi, a roƙi alƙali ya damƙa kulawarka a hannun Zuhur. Shagon zaren ba ka taɓa shi ba, ka ce haƙƙin Ayyashi ne, ba za ka gyara wani zalunci da wani ba. Ni ma ka bar mini aiki. Ka ce, "Ka ci gaba da zolayata. Ranar da ka fara yi mini magana a hankali kamar yaro, ko ban san sunana ba zan san an gama."

Cutar ta zo yadda ka faɗa. Da ka kai ba ka gane hanyar masallaci, Ayyashi ya shigar da ƙara: wai hankalinka ya riga ya taɓu lokacin kyautar, wai kuma ba ka taɓa barin gidan da gaske ba. Takardar likita ta amsa na farko. Na biyun kuwa, lungu guda ne ya tafi kotu. Mai burodi ya ce shekara cur yana jin tarinka a samansa. Masu dako sun tuna ranar, don ba a taɓa ja musu lada haka ba. Da aka zo kaina alƙali ya ce, "Ustaz, bayan shekarun nan, yaya aka yi ka tuna?"

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ni na yi masa suna a kai."

A nan na gane jakin, da musun, da zoben, duk domin mu ne. Ka san mutane na manta abin kirki, amma ba sa manta abin da ya ba su dariya. Ka ajiye shaidarka a kawunanmu tun kafin naka ya gaza. Aka tabbatar wa Zuhur da gidanta, kana zaune a tsakar gida kana ba tsuntsu gero, ba ka san an yi ba.

A ƙarshe har sunanta ya ɓace maka. Amma kullum da la'asar sai ta kama hannunka ta fitar da kai, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Ka ɗaga hannu ka kama zoben sama. Ka ce, "Mai gidan tana nan?" Ta ce, "Tana nan, Baba. Shigo." Komai ya fita daga kanka, wannan ya ƙi fita: gidan nata ne.

Allah Ya jiƙanka, Si Mufaddal. Allah Ya mayar maka da duk sunayen da ka rasa, Ya haɗa ka da Lalla Khaduj, Ya buɗe maka ƙofar rahamarSa tun kafin ka ɗaga hannu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lalla Zuhur, Allah Ya saka mata da alheri a kan jinyar da ta yi sau biyu. Da Ayyashi, wanda na gani da idona yana ɗauke da makararka yana hawaye. Da 'yan kasuwar zare baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Na ce ƙarancin tawakkali ne. Ba haka ba ne, Si Mufaddal. Ni ne ban gane ba.