Suna na Shida a Takardar Abdussalami

A Ƙofa, ta ƙasar Bebeji, an yi wani mutum ana ce masa Abdussalami. Ɗan malami ne, ya sauke Alƙur'ani, ya kuma taɓa boko. Allah ya ba shi murya mai kauri da sanyi, wadda ko tsadar gishiri ya faɗa da ita sai ka ji hankalinka ya kwanta. Muryar ce ta kai shi Kaduna a 1953, aka ɗauke shi karanta labarai da gaishe-gaishe a gidan rediyo.

A zamanin, akwatin rediyo sai ƙofar hakimi ko dagaci. Da la'asar ta yi za ka ga mutanen Kiru da Tudun Wada sun bar abin da suke yi sun kewaye akwatin, wani ya ce, "Ku yi shiru, ga namu nan." Shi ma yana son aikin kamar ransa. Yakan riga kowa zuwa, ya share teburinsa da kansa.

Ran wata Laraba cikin damina, a 1957, yana tsakiyar karatu aka turo masa takarda. Ramin kuza ya rufta da leburori a Riruwai, can ƙasar Doguwa. Sunayen waɗanda suka rasu biyar ne. Ƙasa da su an ja layi da fensir, an rubuta sunan wanda aka zaro da rai. Abdussalami bai lura da layin ba. Ya karanta shida, ya rufe da Idi ɗan Tani na Kiru, ya yi musu addu'a. Sai da ya fito ya sake duba takardar, sannan ya ga layin. Washegari ya gyara, ya ba da haƙuri har sau uku.

Bayan wata guda wani dogon mutum mai ɗingishi ya zo gidan rediyon, ya ce mai karanta labarai yake nema. Suka gaisa a gindin wata bishiya.

"Malam, ni ne Idi," in ji mutumin.

Abdussalami ya kama hannunsa da hannu biyu. "Alhamdu lillahi! Ai na gyara, ka ji ko?"

"An ce ka gyara. Iya dai ba ta ji ba. Daka take yi aka je aka gaya mata. Ta zauna da taɓaryar a hannu, ba ta ƙara tashi ba. Ni kaɗai gare ta. Ranar Alhamis da hantsi aka kai ta."

"Me kake so in yi?"

"Ba komai, Malam. Kwananta ne ya ƙare. So nake kawai in ga mai muryar. Tana son ka ƙwarai, ko dawa take sheƙa takan bari ta leƙo ta ji ka."

Ya yi sallama ya tafi yana jan ƙafa.

Tun daga ranar, da an kunna jar fitilar da ke nuna an fara watsa shiri, sai Abdussalami ya ji daka. Can nesa, dum, dum, kamar daga bayan katanga, alhali babu gida kusa. Ba dakan ke tsorata shi ba, tsayawarsa. Yakan yanke ne daidai lokacin da Abdussalami ya zo kan sunan mutum, sai karatun ya sarƙe masa. Ya tambayi Sale, mai kula da na'ura, ko yana jin wani abu. Sale ya saurara, ya girgiza kai.

Ya daure wata huɗu. Ya sha rubutu, ya yi sadaka. Rannan ya ajiye takardunsa, ya matso kusa da abin magana ya ce, "Jama'a, yau ce ranata ta ƙarshe a nan. Shekara huɗu kuna buɗe mini ƙofa ban taɓa ganin fuskokinku ba. Wanda muryata ta shiga gidansa da abin da ba alheri ba, don Allah ya yafe mini." Manyansa suka yi lallashin duniya, ya ce a'a.

Ya koma Ƙofa ya kama noman dawa da gyaɗa. In an kawo masa wasiƙa, sai ya karanta a zuci sau biyu, ya bi kowane layi da yatsa, kafin ya buɗe baki. In ta rasuwa ce, ya miƙa wa wani.

Da kaka ta yi ya ɗaura damin dawa a keke ya nufi Kiru. Ya tarar da Idi yana gyaran danga. Idi ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo fura, suka yi hirar ruwan bana da ciwon ƙafar. Da Abdussalami zai tafi ya ce, "Ka nuna mini inda Iya take kwance."

Idi ya ɗauki sandarsa ya shige gaba, Abdussalami na biye da shi, yana tura keken a hankali don kada ya wuce shi.