Man Shanun Saimi

A ƙauyenmu na Kareliya ta Arewa, a wancan zamanin, ba a cika ganin namiji tsoho ba. In ka shiga coci ran Lahadi, benci bayan benci mata ne da baƙin kallabi. Maza kuwa da sun doshi hamsin sai mu fara kallonsu ta wutsiyar ido. Mukan ce yaƙi ne ya cinye musu zuciya, ko sanyin daji, mu ja bakinmu mu yi shiru.

Saimi Nevalainen maƙwabciyata ce, tare muka tashi, muna faɗa muna shiryawa har furfura ta kama mu. Duk yankin babu mai man shanu irin nata, kuma ta san haka, shi ya sa ba a iya mata. In ta shafa maka a baƙin burodi, sai ta tsaya a kanka ta ga ka gatsa. "In ban ga sawun haƙori ba, ba a ci ba," in ji ta. Ita ce kuma mai yi mana ƙaho. Ran Asabar a ɗakin wankan tururi za ta jera wa mutum ƙahoni a baya, ta zuƙe abin da take kira mataccen jini.

Mijinta Onni mai saran itace ne, siriri kamar muciya, duk jikinsa jijiya. Yana da wani ɗigo rawaya a fatar ido, irin na ubansa. Saimi takan kira ɗigon tambarin gida. Da irinsa ya fito wa ɗansu Kauko tun yana saurayi, har gidana ta zo tana fankama, wai ɗa ya ɗauko uba. Onni bai kai hamsin ba. Ya kayar da itace, ya zauna a kai, abokan aikinsa suka zaci hutawa yake. Sai da shayinsa ya huce a hannu suka taɓa shi.

Cikin shekarun alif ɗari tara da saba'in aka fara turo ma'aikatan lafiya ƙauyuka suna ɗibar jinin mutane. An auna Kauko, sai ga wata nas ta biyo shi har gida. Ina zaune a ɗakin girkinsu da ta zo. Saimi ta ajiye mata gahawa da burodi, man ya kai kaurin yatsa.

Nas ɗin ta ce kitsen da ke jinin Kauko ya yi yawa ƙwarai, sai ya je asibitin birni.

Saimi ta kwashe da dariya. "Kitse? Ke yarinya, dube shi da kyau. Haƙarƙarinsa ana ƙirgawa. Ciwon zuciya ai na masu tumbi ne da ke zaman ofis. Wannan kafin rana ta yi tsaka ya ƙone abin da ya ci."

"Inna, ba a tumbi yake ba, a jini yake. Yana liƙewa a hanyoyin jini har su toshe, ko mutum ramamme ne. Wannan ɗigon na idonsa alama ce, kuma irin wannan yakan bi gida. Man shanu da kitsen alade da taba suna ƙara masa. Ƙanwarsa ma ya kamata a auna ta."

"Aune? Tabɗi! Kin taɓa jin mace ta faɗi a daji? Sha gahawarki kawai."

Aune, 'yar Saimi, tana tsaye bakin murhu tana saurare. Daga ranar ta karɓe abincin yayanta. Kifi dafaffe, kabeji, karas, madara an kwashe mata mai. Ita kanta ba ta je awon ba, hankalinta duk yana kan Kauko, kuma ita ma ta ɗauka abin na maza ne.

Wayyo Kauko, ya sha tsiya a daji. Da ya buɗe akwatin abinci sai a ce, "Kai zomo, yau wane ganye aka ba ka? Gobe sai mu ɗaure ka a garke." Saimi kuwa abin ya fi ci mata rai. Ta zo wajena tana hawaye. "Yunwa za su kashe min yaro da ita. Namiji ya yini yana sara a cikin ƙanƙara da ciyawa a ciki? Man nan da shi na raine shi, yanzu a ce min guba ne?" Na tausaya mata har raina, don ba ta san wata hanyar nuna ƙauna ba sai wannan. Ta koma tana cusa masa curin mai a ƙasan akwati in Aune ta juya baya.

Ana gab da ranar zuwa asibiti Saimi ta ce in dai a jini abin yake, ai aikinta ne. Ta hura ɗakin tururi, ta kafa masa ƙaho tun daga kafaɗa har kwankwaso. Ta fito da kwano tana nuna mana. "Ga shi nan, baƙi ƙirin, har ya yi guda-guda. Ga kitsen nasu na fitar."

Aune ta ce, "Inna, kowane jini haka yake daskarewa."

"Ke rufe min baki. Kauko, ya ka ji?"

"Sakayau, Inna."

Bai je birnin ba.

Akwai ɗan hawa tsakanin tafki da shingena. Da bazara ta shigo na lura Kauko ya fara tsayawa a tsakiyarsa. Yau ya yi kamar yana ɗaure takalmi, gobe kamar yana kallon tsuntsu. Wata rana na ga yana murza hannunsa na hagu, goshinsa ya jiƙe alhali ana iska mai sanyi.

"Kauko, lafiya?"

"Ƙwannafi ne, Gwaggo. Kabejin Aune ne bai karɓe ni ba. Kar ki faɗa musu."

Na faɗa musu a ranar. Aune ta yi kuka, ta yi rantsuwa sai ta kai shi asibiti ko da jan kunne. Ya ce to, a bari a gama yankan ciyawa. Saimi ta ce kun ji ko, ganyen nan ne. Tun daga lokacin, in na ji kare ya yi haushi a gidansu sai gabana ya faɗi.

Ba a gama yankan ciyawar ba. Wata rana da hantsi Kauko ya jingina da manjagara, ya ce a miƙo masa ruwa. Kafin Aune ta dawo daga rijiya ya zame ƙasa.

Ranar jana'iza Saimi ba ta yi kuka ba, ta shiga aiki kamar an kunna ta. Aka cika tebur da gurasar shinkafa irin tamu, ana dama ƙwai da man shanu don shafawa. Mu uku, ni da Saimi da Aune, muna bakin taga, rana na dukan fuskar Aune. Saimi ta ɗago ta dube ta.

"Ke, kin shafo mai a ido. Tsaya."

Ta lashi babban yatsanta ta goga a fatar idon 'yarta. Bai fita ba. Ta kama bakin zanenta ta sake gogawa, da ƙarfi, har Aune ta ce, "Inna, da zafi fa."

Ɗigon yana nan, rawaya, ɗan ƙarami, daidai inda na Onni da na Kauko suke. Saimi ta saki bakin zanen. Ta juyo ta kalle ni, muryarta can ƙasa.

"Yarinyar nan da ta zo, nas ɗin, a ina ake samunta?"