Bappa Intanashinal da Warin Takalmina

Ku da kuka san Bappa Sali a unguwar Yelwa, nan Mubi, don Allah ku faɗa mini gaskiya: akwai wanda Bappa ya taɓa kallon fuskarsa wurin gaisuwa? Babu! Ka miƙa masa hannu ka ce, "Bappa, ina kwana," shi kuwa idonsa na kan ƙafarka. Sai ya ƙare wa takalminka kallo, ya leƙa dunduniya, ya leƙa gaba, sannan ya ɗago ya ce, "Jam, lafiya lau. Wannan lamba nawa ne?" Buhu kuma ba ya barin kafaɗarsa, gidan biki ko gidan makoki. Ƙanen mahaifina ne, a gabansa na girma har na fara furfura, amma wallahi har yau ban gama gane mutumin nan ba.

Tun yana fataucin kanwa zuwa Belel ya gano wani ƙauye a kan dutse, can tsallaken iyaka cikin Kamaru. Ƙauye ne na manoma, ba hanyar mota, ba asibiti, sai tsakuwa da tsidau. Duk shekara in an gama girbi Bappa zai rufe rumfarsa ya tafi can ya yi musu zama, ya taya su yasar rijiya, ya yi jinkar ɗakin tsofaffi, ya raka marar lafiya inda ake samun magani. Ba mai biyansa ko kwabo. Shi a wurinsa sunan wannan abu aikin sa-kai a ƙasar waje, shi ya sa yaran unguwa suka laƙa masa Intanashinal, ya kuwa amsa da murna.

Na taɓa ce masa, "Bappa, wace irin ƙasar waje? Wurin da akuyar Belel ke zuwa kiwo ta dawo kafin la'asar?"

Ya ce, "Akuya yana da kati? Ni ina da kati. Kuɗinsu daban, tutansu daban, burodinsu dogo kamar sanda. In wannan ba ƙasar waje ba ne, Umaru, to faɗa mini mene ne."



Zuwansa na farko da gudunmawa, huluna ya kai musu, buhu guda, don a ganinsa mutumin da ba shi da hula ya kai ƙarshen wahala. Suka karɓa, suka yi godiya, suka zuba iri a ciki suka rataye. Da ya tambayi dalili, wata tsohuwa ta ɗaga masa tafin ƙafarta kawai, ya ga yadda dutse da ƙaya suka yi masa kaca-kaca. Daga ranar takalman Mubi suka shiga uku.

Kuɗi ba ya karɓa. Cewa yake yi in ya sa kuɗin jama'a a aljihu sai su fara yi masa magana, shi kuma ba ya son surutu. Roƙo ma ba ya yi. Abin da yake yi, zai tsaya a ƙofar gidan suna ko bakin masallaci inda aka tuɓe takalma, ya zaɓi wanda ya san mai shi yana da wani a gida, ya ɗauki wari ɗaya, ɗaya tak, ya ɗaga sama ya ce, "Na wane ne wannan?" In mai shi ya amsa, sai ya jefa a buhu.

"Bappa, ai wannan sata ce!"

"Sata kana kallo? Na ɗauki ɗaya, na bar maka ɗaya. Ɗaya ba zai maka amfani ba. Kai da kanka za ka kawo mini ɗan'uwansa."

Kuma abin haushi, haka ake yi. Mutum ya koma gida da ɗingishi yana zage-zage, ya kwana, ya dubi warin da ya rage ya ga ba abin da zai yi da shi, sai ya aika da shi. Alhazai sun kawo, malaman makaranta sun kawo, wani fasto ma da aka yi wa haka a gidan gaisuwa ya kawo nasa har da na matarsa. Mutum ɗaya ne a duk garin nan ya ƙi, kuma ga shi yana ba ku labari.

Ranar sunan 'yata ta fari ne. Na sayo takalmi sau-ciki a Yola, baƙar fata, in ka taka yana ƙara. Ban taɓa mallakar irinsa ba, ranar ce kuma na fara sa shi. Na tuɓe na hau tabarma, ana addu'a ina satar kallonsa. Ana shafa fatiha na ɗago, sai na ga na dama a hannun Bappa.

Na ce, "Bappa, ka dubi Allah! Yau na fara sa shi!"

"Shi ya sa na ɗauka. Tsoho za mu kai wa mutane kullum?"

"Ka bar ni in ɗan mora mana!"

"Ka mora daga ɗaki zuwa tabarma. Kawo ɗayan."

Na rantse ba zan kawo ba. Matata Dudu ta yi lallashi, ta ce abin kunya ne, na ce a kai kunyar kasuwa. Na ajiye na hagun a ƙofar ɗakina, ina goge shi, ina jiran ranar da Bappa zai gaji ya dawo mini da nawa. Shi kuma ya tsallaka iyaka da na daman. Al'adarsa ce in ya dawo ya bi gida-gida yana ba kowa labarin takalminsa: naka yana ƙafar wata mai ciki, naka wani ɗalibi ke zuwa makaranta da shi. Yakan ce wanda ya san inda kyautarsa ta sauka shi ke sake bayarwa. Ni kaɗai ya hana wa labari. In na tambaya wa ya ba, me kuma mutum zai yi da wari guda, sai ya ce, "Kawo ɗayan ka gani." In mun haɗu a hanya kuwa, ya dubi ƙasa ya ce, "Na dama yana gaishe da na hagu." Shekara da shekaru muna haka.

Wata shekara wani jami'i a bakin iyaka ya tare shi ya ce wannan kayan sayarwa ne, sai an biya musu fito. Bappa bai yi gardama ba, ya juyo da buhunsa. Ya zo gida ya zazzage a tsakar gida, ya ware na dama gefe, na hagu gefe, ya koma da na dama zalla. Jami'in ya buɗe buhu, ya ciro wannan, ya ciro wancan, ya juya, ya sake juyawa.

"Ina sauran?"

"Babu saura. Duka dama ne. In ka san mai saye, sai mu raba riba."

Mutumin ya kira abokin aikinsa, suka yi ta Faransanci a kan buhun, suka gaji suka ce ya wuce. Sai da kasuwar Belel ta zagayo ya kai na hagun. A tsakanin nan, in ji shi, duk ƙauyen da takalmi ɗaya-ɗaya ake yawo, kowa na tafiya a karkace. Na ce, "Bappa, me ya hana su jira a kawo ɗayan?" Ya dubi ƙafata kamar na yi tambayar banza ya ce, "Ƙaya yana jira?"

Akwai ranar da wasu ɗalibai 'yan mata biyu suka zo rumfarsa ina zaune. Sun sami damar tafiya aikin sa-kai wata ƙasa mai nisa, ta jirgi, aka ce su zo wurin Intanashinal su nemi shawara. Ya gyara zama, daɗi kamar ya kashe shi.

"Ku tafi da garinku da ƙuli-ƙulinku. Kada ka je taimakon mai yunwa ka cinye masa tuwo. Ku yi allura kafin ku tafi, katin ya zauna a jikinku, ba a jaka ba. Ku koyi gaisuwansu ko da guda. In kun isa kada ku buɗe kaya, ku zauna tukun ku tambaya mene ne yake damunsu, kada ku kai hula. In mutum yana karɓan abu kada ku ɗauke shi hoto. Kada ku yi alkawari, gara a gan ku kawai kun dawo."

Ɗayar ta ce, "To Bappa, gudunmawar fa? Mun je wurin manya sun ce mu dawo."

"Babban mutum kullum gobe ne. Ku je wurin wanda zai ji kunyanku. Ku nemi ƙaramin abu a wurin mutane da yawa."

"Kamar yaya ke nan?"

Na ga idonsa ya sauka ƙasa. Na yi tari, na yi musu alama da ido, ba su gane ba. Yaran nan a kan acaɓa suka koma, kowace da ƙafa ɗaya a takalmi, suna kallon juna sun rasa ko darasi aka yi musu ko fashi. Washegari sai ga su da jakar leda cike da takalman ƙawayensu.

Sai ga shekarar gudu. Ba sai na gaya muku yadda ta kasance ba, da yawanku muna tare a hanya. Da hantsi muka ji harbi daga bakin gari, kafin ka ce me unguwa ta hargitse. Dudu ta kwashi yara, ni na fito a guje na zura ƙafa a abin da na tarar a ƙofar ɗaki. Sai da muka yi nisa cikin gonakin dawa na duba ƙasa: dama silifar Dudu ce ta wanka, hagu kuwa sau-cikin nan nawa, yana sheƙi. Bappa na gefena yana haki, ga tsufa ga ciwon suga, amma ya dubi ƙafata ya yi dariya har da tari.

Muka nufi Belel, wani wuri a bayan tifa, mafi yawa a ƙasa. Buhun Bappa bai kai ko'ina ba ya ƙare, don rabin mutane ba takalmi suka fito. Da buhun ya ƙare ya tuɓe nasa ya ba wata mai goyo. Na yi masa faɗa, na tuna masa likita ya ce ko a tsakar gida kada ya taka ƙasa haka. Na cire silifar na ba shi, ba a jima ba ta tsinke. Na ce ya sa na hagun nawa, ya ce ba zai karɓi wannan warin ba sai a gaban ɗan'uwansa. Kun ji fa, a cikin wannan masifa! Ƙafarsa ta fashe, ta kumbura, muka naɗe da tsumma, muna goyonsa bi da bi. Tsoro ya kama ni sosai, don na san irin ciwon nan ba ya jin magani.

Da muka hau dutsen nan, mutanen ƙauyen suka fito gaba ɗaya. Ni dai kaina ya ɗaure, don duk inda na duba takalman Mubi nake gani. Wani alhaji da ke cikinmu ya nuna ƙafar wani manomi ya ce, "Wancan ai nawa ne!" sai ya fashe da kuka. Suka rarraba mu gida-gida, ba wanda ya tambayi addininmu. Mata suka kawo ruwan ɗumi suka wanke wa Bappa ƙafa.

Muna nan zaune sai ga wani dattijo yana dogara sanda, ƙafarsa ɗaya, ta dama. Baba Bitrus ake ce masa, saran maciji ne ya ci ɗayar tun yana saurayi. A hannunsa kuwa, naɗe da ƙyalle, ga na daman takalmina. Ranar Lahadi kaɗai yake sa shi, in zai je coci. Ya durƙusa da ƙyar ya ce, "Bappa, ƙafanka ya kumbura, wannan babba ne, zai shiga. Sai dai guda ne."

Bappa ya juyo ya kalli ƙafata. Na cire na miƙa. Aka sa masa duka biyun a hankali a kan tsumma, suka zauna daram. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗago, kuma ranar ce ya fara kallon fuskata.

"Umaru, ban faɗa maka ba? Kai da kanka ka kawo. Har ƙasar waje."

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa su.

Bai sake ganin Mubi ba. Ciwon ya hau sama, aka yi abin da za a iya, kafin hanya ta buɗe Allah Ya karɓi abinsa. Su Baba Bitrus suka haƙa kabari a cikin dutsen nan mai tauri, mu muka yi masa salla. Takalmin na bar wa Baba Bitrus duka biyu. Me zai yi da na hagun, ban sani ba, shi ma bai sani ba, amma ya karɓa.

Da muka dawo mutane suka ce ni zan gaji buhun. Na gwada sau ɗaya a bakin masallaci, na ɗaga wari na ce, "Na wane ne wannan?" Saura kaɗan a yi mini dukan ɓarawo. Yanzu gida-gida nake bi ina sallama, ana ba ni, don sunansa.

Allah Ka jiƙan Bappa Sali, Ka yafe masa, Ka sanyaya masa makwanci a ƙasar da ya so. Ya rufa wa ƙafafun bayinKa asiri, Allah Ka tabbatar da tasa ƙafar ranar tsallaka siraɗi. Amin.