Burtalin da Na Buɗe Tsakanin Taurari

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin awon ƙasa, kuma a duk layukan da na ja a takarda, guda ɗaya ne na goge ba don na yi kuskure ba. Burtali ne, wato hanyar da ake bar wa shanu tsakanin gonaki, a wani ƙauye can bayan Batagarawa. Na taka shi da ƙafata, na auna, na zana. Wani babba a wajen aiki ya kira ni ya ce layin nan yana ɓata masa taswira. A lokacin yarana ƙanana ne, ina tsoron a jefa ni wani lungu da sunan canjin wurin aiki, sai na ɗauki magogi na goge. Har yau in na tuna kunya nake ji, kuma ba na ɓoyewa.

Na fara da wannan ne don a gane abin da ya sa na daɗe ina yi wa Yayana zillo. Shi ke riƙe da gonar gidanmu a wajen Batagarawa, kuma gefenta na gabas wani burtalin ne, daban da wancan. Shekara da shekaru yana gutsurarsa da garma, kamu ɗaya bana, kamu biyu baɗi, har hanyar ta koma ta mai keke. Da na yi ritaya sai ya ce in zo in auna masa gonar a yi takarda, har da abin da ya gutsura. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Yau in ce gwiwata ce, gobe in ce kayan awo suna wajen gyara.

A cikin wannan zaman ne 'yata, wadda ke aikin kwamfuta a wani ofis a GRA, ta kawo mini tsohuwar laftof ɗinta. Ta ce tun da na bar aiki na ishi mahaifiyarta da gyaran abin da bai lalace ba. A ciki akwai wani gem, wato wasan kwamfuta, na sararin samaniya. Ana ba ka duniya guda da mutanenta da 'yan kumbuna, wato jiragen da ke ratsa tsakanin taurari, sai ka bincika, ka kafa garuruwa, ka ciyar da jama'a, ka yi hulɗa da maƙwabta. Na buɗe da niyyar in yi masa kallo ɗaya in rufe. Abin da na fara gani taswira ce, baƙa wuluk, da taurari kamar an watsa gero a tabarma, ba a ja mata layi ko ɗaya ba. Duk wanda ya san ni ya san an gama da ni daga nan.

Shekara uku na yi ina gina daula guda. Kullum da hantsi, in an kawo wuta, ina zaure a gidana na Ƙofar Kwaya da shayina a gefe. 'Yan majalisarmu suka yi ta yi da ni, wai Malam ya koma yaro, wai ana ta fama da tsadar masara shi yana noma a wata. Ban damu ba. Su da ke kashe yini guda kan dara ba su ne za su koya mini yadda ake kashe lokaci ba.

Abin da ya dame ni gem ɗin ne kansa. A tsarinsa na wancan lokaci iyaka katanga ce. Duk tauraron da ka kafa tuta a kansa ya zama naka, da shi da sararin da ke kewaye da shi, kuma duk kumbon da ya shigo ba naka ba abokin gaba ne, bindigoginka za su buɗe masa wuta ko ba ka ce ba. Ni kuwa da gangan nake barin wani siririn fili tsakanin garuruwana, ba tuta, don mai wucewa ya wuce. Gem ɗin bai san wannan ba. A wurinsa filin da ba tuta filin banza ne. Kafin in ankara wani maƙwabci ya zo ya kafa tasa, ya girke jiragen yaƙi a tsakiyar ƙasata. Sau huɗu ana yi mini haka. A na biyar na gaji, na rufe filin da kaina, na zama kamar kowa. Daular ta bunƙasa bayan nan, ta yi ƙarfi, amma duk lokacin da na kalli wurin da na toshe sai in ji kamar magogin nan ne a hannuna.

Wata Asabar 'yata ta zo ta ce masu gem ɗin sun fito da babbar sabuntawa, sun sauya abubuwa da yawa. Ta karanta mini bayanin tana fassarawa, ni ina jin ta da rabin kunne, har ta zo inda aka ce yanzu akwai al'ummomin da ba su da duniya tasu, a cikin kumbunansu suke rayuwa, suna bin hanyoyi daga wannan gefe zuwa wancan gwargwadon lokaci, kuma mai ƙasa yana iya zana musu hanya ta cikin iyakarsa. Na ajiye kofin shayi na ce ta maimaita.

Ta maimaita, sannan ta ce, "Amma Baba akwai matsala hwa. In ka sabunta, tsohuwar daularka ba za ta buɗe ba. Sai dai ka fara daga farko. Ni dai da ka bar shi yadda yake, shekara uku ba wasa ba ce."

Ana cikin haka Yaya ya yi sallama. Ya shigo gari sayen maganin feshi, ya biyo ya ji ko gwiwata ta warke. Bayan mun gaisa, an tambayi gida da gona da gajiya, 'yata ta ba shi labari tana dariya. Ya kalli laftof ɗin, ya kalle ni.

"To mi za a yi da wanga abu? Ki goge mai shi duka shi huta, shi tashi mu tahi gona. Mutum da hurhura shina kiwon taurari."

Na ce wa 'yata ta sabunta. Ta ce in yi tunani. Na ce na yi, tun tana ƙarama nake wannan tunanin. Ba zan yi ƙarya ba, da ta danna na ji zafi. Akwai garuruwan da na sa wa sunayen unguwannin da na taɓa aunawa, akwai wata ƙaramar duniya mai ruwa da na sha wuya kafin in same ta. Duk suka tafi. Yaya ya ce Allah shi kyauta, ya ɗauki ledarsa ya fita.

Sabon gem ɗin ya fi tsohon nesa ba kusa ba, kuma ba ina nufin kyan hoto ba, ko da yake shi ma ya ƙaru, har laftof ɗin ta daina zafin da take yi kamar kaskon waina. Abin da na fara lura da shi shi ne jiragen yaƙi sun koyi jin yunwa. A da mai ƙarfi yana iya kwaso rundunarsa daga ƙarshen taswira ya zo ya share ka ya koma, ba mai tambayarsa abin da suka ci a hanya. Yanzu sai da guzuri, sai da zango, in ya yi nisa da gida ba mai ba shi mai da abinci, jiragen nasa tsayawa suke yi cik. Wannan kaɗai ya sa ƙaramin mutum ya samu damar numfashi. Maƙwabta kuma sun daina mantuwa. Wanda ka yi wa alheri yana riƙe da shi, wanda ka ci amanarsa ma haka, ba kamar da ba da kowa ke wayewa kamar jiya ba a yi komai ba.

Sai kuma abin da na zo dominsa. A jikin taswira aka ƙara wani alƙalami. Kana jan layi ta cikin ƙasarka, ka ce wannan hanya ce, ƙasar tawa ce amma a wuce. Ba mai iya kafa tuta a kanta, bindigoginka kuma ba sa taɓa mai bin ta. Na daɗe ina kallon alƙalamin nan kafin in taɓa shi. Sannan na ja layin tun daga arewa har kudu, mai faɗi, ta tsakiyar mafi kyawun taurarina, ba ta gefe inda ba abin da ke tsiro ba.

Ba kyauta ba ce, kada wani ya zaci haka. Duk tauraron da hanyar ta ratsa ba a haƙar ma'adini a cikinsa, don haka na fi maƙwabtana talauci, jiragena ba su kai rabin nasu ba. 'Yata ta duba ta ce masu bayani a intanet duk sun ce a yi hanyar siririya, a can bakin iyaka. Na ce su yi tasu. Da masu yawon nan marasa duniya tasu suka fara zuwa, ayari guda mai tsawo, sun yi mini ɓarna ma, wasu kumbunansu suka kauce suka kwashe abincin wani gari nawa. Gem ɗin ya ba ni zaɓi, in rufe hanya ko in aika a yi magana. Na aika. Suka mayar da abin da suka iya, suka bar mini irin wani tsiro da ke fitowa a duniyoyin da na ɗauka matattu ne. Haka kakanmu ke yi da makiyaya bayan girbi, su kwana a gona da shanunsu, su ci kara, su bar masa taki. Ban san ko masu gem ɗin sun taɓa ganin saniya ba, amma wani a cikinsu ya san wannan zaman.

Bayan 'yan makonni maƙwabcina na yamma, mai jiragen da suka fi na kowa, ya taso mini. Ya zo har bakin iyakata, guzurinsa ya ƙare, ya nemi masu yawo su sayar masa da mai. Suka ƙi. Ya yi ta zama a wurin har ya juya. Na yi dariya ni kaɗai a zaure har mai ɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ranar da Yaya ya dawo, da hantsi ne, ayarin yana tsakiyar ratsa ƙasata. Ya zauna a kan tabarma yana kallon ɗigon fitilu suna bin layin a jere. Manomi ne, ba sai an yi masa bayani ba.

"Waɗanga na wa ne?"

"Ba na kowa ba ne, Yaya. Wucewa suke."

"Ta cikin naka? Wa ya ba su hanya?"

"Ni."

Ya gyara hularsa. Sannan ya ce damina ta matso, yana son a gama maganar takardar nan, in gwiwar ta yi sauƙi.

Na rufe laftof ɗin. Tunda nake ban taɓa musa masa ba, don shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Na ce gwiwata lafiyarta lau, kuma kayan awo ba su taɓa zuwa wajen gyara ba, suna ƙarƙashin gado. Na ce jibi zan zo da sassafe in auna.

"To madalla," in ji shi.

"Amma Yaya, burtalin nan zan zana shi inda Baba ya bar shi, da faɗinsa na da. In ba haka kake so ba, ka nemi wani, ni hannuna ba zai hau takardar ba."

Ya kalle ni sama da ƙasa. Ya ce ashe abin da injin nan ke koya mini ke nan, rashin kunya. Na ce a'a, wannan na san shi tun ina saurayi, ajiye shi na yi. Ya tashi ya sa takalmansa, bai yi mini sallama ba.

Ranar da na faɗa na ɗaure kayan awo a bayan babur na tafi. Na same shi tsaye a gefen gabas, hannuwansa a baya, fuskar nan a murtuke. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Na wuce shi, na shiga cikin gonar taku goma sha ɗaya, har gindin tsohuwar aduwar da mahaifinmu ke ɗaure jaki, inda bakin burtalin yake a da, na kafa turken farko a wurin.