Gonata a Bayan Dubai

A shekarar 2010 wani kamfanin awon ƙasa ya ɗauke ni aiki a Dubai, ni ne ɗan autan ayarin. Aikinmu shi ne mu kutsa cikin sahara can bayan Dubai Investments Park, inda kwalta ta ƙare, mu auna filayen da za a gina nan gaba. Injiniyoyi na cikin mota suna shan sanyi, ni ina gaba da sandar awo da turaku a kafaɗa kamar jakin kaya. Duk inda muka nufa ƙafata ce ke fara takawa. Ba jarumtaka ba ce, sauran ne ba sa son rana.

Bakina ne ya jawo mini. Na bugi ƙirji a waya na ce wa mamata mu ne masu buɗe sabuwar ƙasa, ni ke kafa turken farko. A ƙauyenmu kuwa, wanda ya fara shiga daji ya kafa turke, gona tasa ce. Ranar Lahadi ta miƙe a coci ta ba da shaida cewa ɗanta ya sami gona a Dubai.

Sai ga ƙunshi daga Mama ta hannun wani ɗan kasuwa. Irin jar dawar marigayi babana ne, wanda take ta adanawa tun da 'yan'uwansa suka rabe gonarsa suka bar mu da tsakar gida. Duka ta aiko, ko ƙwaya ba ta rage ba.

Direbanmu, wani ɗan zangon Kumasi, ya yi dariya har da hawaye. "Habibi, nan ko aljani sai da ruwan gora yake zama! Yalla, maza shuka mu gani."

Don in ƙure shi na shuka, duka kuma, saboda wauta. Kullum rabin ruwan shana a gindin turken yake ƙarewa. Ai kuwa ta tsiro! Direba ya daina dariya, ya koma rage mata ruwan alwalarsa. Ta kai gwiwa, kore shar a tsakiyar yashi, ni kuma na ƙaunace ta fiye da kima. Sai aka tura mu wani yanki. Da muka dawo katafila ta baje wurin, yanzu ɗakin ajiyar tayoyi ne a kan gonata.

"Khalas, shi ke nan," in ji direba, bai yarda mun haɗa ido ba.

Shekara da shekaru ina ce wa Mama gona na nan lafiya. Da zan koma gida na sayi jar dawa a wani kanti a unguwar Deira ta Dubai, na zaɓi wadda ta fi kama da tamu. Da na kai wa Mama a matsayin amfanin gonata, ta ɗiba a tafin hannu, ta murza, ta tauna ƙwaya ɗaya.

"Wannan ba ta babanka ba ce." Ta daɗe tana kallon hannunta. "Tasa ta tsiro dai?"

"Ta tsiro, Mama. Har gwiwa."

"To," ta ce, tana ɗaure bakin buhun. "Irin babanka har Dubai, mutumin da ko Kaduna bai taɓa zuwa ba."